Matsin aiki na nema ya kayar da ni, don Allah ku ba ni shawara

Abu_Hanif:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Na dade ina karanta abubuwan da ake tattaunawa a nan amma ban taba rubutu ba sai yau, saboda gaskiya abin ya kai min wuya kuma bani da wanda zan fadawa ba tare da ya ce min "kai da ka samu aikin ma" ba.

Shekarata shida ina aiki a wani kamfani, bangaren lissafi da hada rahoto. Da mu biyar ne a sashen, cikin shekara daya da rabi mutum biyu suka tafi ba a dauki kowa ba, sai aka raba aikinsu a kanmu mu ukun, kuma a cikin ukun nine na fi dadewa don haka duk abinda ya rikice ni ake turowa. A takarda karfe biyar ake tashi, amma na manta rabon da in bar ofis kafin takwas, in na koma gida kuma waya bata barina, oga zai turo sako a WhatsApp karfe sha daya na dare yana so a gyara masa wani abu kafin mitin din safe, Asabar ma rabin yinin a gaban kwamfuta nake yinsa. Abinda ya fi cina ma shine ba a tambayata me ke hannuna, yau a ce wannan ne na gaggawa, na fara, gobe a ce ajiye shi ka kama wancan, jibi kuma a kirani a ce ya akayi na farkon bai fito ba.

Wata hudu zuwa biyar kenan jikina ya canza. Barci baya zuwa sai wajen karfe biyu, in ya zo ma karfe hudu na farka zuciyata na bugawa da karfi kamar wanda ya yi gudu. Ciwon kai kusan kullum, wuyana da kafaduna a daure. Ranar Lahadi da yamma ta yi sai in ji gabana na faduwa saboda tunanin gobe Litinin. Ni da nake alfahari da cewa lissafina baya kuskure, makon jiya sau biyu ina tura rahoto da lambobi a juye. Sannan wlh abinda ya sa na zauna nake rubutun nan, shekaranjiya yarona dan shekara biyar ya zo yana nuna min zanen da ya yi, na daka masa tsawar da har yanzu in na tuna fuskarsa sai in ji kamar in yi kuka. Ni ba haka nake ba. Uwarsa ta ce na zama bako a gidan, kuma gaskiya ta fada.

Tambayata uku ce. Na farko wannan abin ciwo ne ko kuwa ragwanci ne kawai ya kamani, don wani lokacin sai in ga kamar ni ne na kasa, tunda sauran biyun basa korafi. Na biyu, in fadawa oga halin da nake ciki ko zai zama na mika masa wukar da zai yankani da ita? Na uku, in ajiye aikin ne? Bani da wani a hannu kuma akwai iyali a kaina. Dan Allah wanda ya taba shiga irin wannan ko yake da ilimin abin ya taimaka min. Nagode.

Dattijo_60:

Wa alaikumus salam. Yaro na, Allah ya yaye maka. Ni shekara talatin da biyar na yi ina aiki kafin na yi ritaya, kuma babu irin shugaban da ban zauna a ƙarƙashinsa ba. Abin da zan ce maka shi ne ka yi haƙuri, aiki dama ba hutu ba ne, kuma shugaba ba ya dawwama a kujera, yau shi ne gobe an canza shi. Maganar ajiye aiki kuwa ka cire ta daga ranka tukuna, kada ka saki reshe ka kama ganye, mutum mai iyali ba ya yanke irin wannan hukunci cikin ɓacin rai. Ka riƙe addu'a, ka nemi yaron nan ka rarrashe shi tun yau, yara ba sa riƙo. Mu a lokacinmu mun sha wahalar da ta fi wannan kuma ga mu nan da ranmu.

Ummu_Safiyya:

Wa alaikas salam ɗan'uwa, sannu, Allah ya ba ka lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma na yi shekaru a ɓangaren da ke duba lafiyar ma'aikata, don haka bari in fara da tambayarka ta farko tunda ita ce na fi sani. Ba ragwanci ba ne. Rago ba ya kaiwa takwas na dare a ofis, kuma rago ba ya farkawa ƙarfe huɗu yana tunanin rahoto.

Baba Dattijo ya yi gaskiya a maganar kada ka yi gaggawar ajiye aiki, amma Baba ka yi min afuwa, a maganar haƙuri kaɗai ban bi ka ba, domin zuciya da jijiyoyin jini ba su san haƙuri ba, abin da aka ɗora musu kawai suka sani. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da wani bincike na haɗin gwiwa, suka ce wanda ke aikin awa 55 ko fiye a mako haɗarin shanyewar ɓarin jiki a kansa ya fi na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari, haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya kuma ya fi da kashi 17 cikin ɗari, kuma sun ƙiyasta cewa a 2016 kaɗai mutum dubu 745 ne suka mutu ta wannan hanyar a duniya. Abu_Hanif ka zauna ka lissafa awanninka na mako har da na dare da na Asabar, kai ma'aikacin lissafi ne, za ka ga ka wuce 55 ɗin nan.

Yadda abin yake a jiki shi ne, duk lokacin da mutum ya ji barazana jiki na sakin wasu sinadarai, adirenalin da kotizol, zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, tsokoki su ɗaure, barci ya gudu, don jiki yana shirin faɗa ne ko gudu. An halicci wannan ne don ya zo na ɗan lokaci ya wuce. To kai saƙon ƙarfe sha ɗaya na dare yana kunna maka shi, kafin ya sauka safiya ta yi an sake kunna shi, wata da watanni babu sauka. Shi ya sa wuyanka ke ɗaure, shi ya sa kake kuskuren lamba, domin ƙwaƙwalwar da ba ta samu barci ba ba ta iya riƙe abu, babba kuma yana buƙatar aƙalla awa bakwai ne kai kana yin biyu zuwa uku. Tsawar da ka yi wa yaro ma daga nan take, ba wai halinka ne ya lalace ba.

Abin da ka siffanta ya yi kama sosai da ƙarewar ƙarfi saboda aiki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a kundinta na rarraba cututtuka bugu na 11 a shekarar 2019. Abin lura, ba su kira shi cuta ba, sun ce yanayi ne da ke tasowa daga matsin wurin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba, wato tushensa a wurin aikin yake. Alamominsa uku: gajiyar da hutun dare ba ya kawar da ita, sai mutum ya ji aikin ya fita daga ransa har ya fara jin haushinsa da na mutanen wurin, sai kuma ƙwazonsa ya ragu ya riƙa ganin ba ya iya komai. Amma fa ni ba zan iya ce maka ga abin da ke damunka daga rubutu ba, kuma akwai abin da nake so ka duba da kyau. Ƙarewar ƙarfi yawanci a kan aiki take tsayawa, in ka samu kwana uku nesa da ofis sai ka ji ka fara dawowa. Ciwon damuwa kuwa yana bin mutum ko'ina, baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai kusan kullum har sati biyu ko fiye, abin da kake so da ya daina burge ka, ka riƙa ganin ba ka da amfani. Ɗaya na iya kai mutum ga ɗaya. Kuma in har ya taɓa zuwar maka a rai cewa gara ka mutu ka huta ko ka cutar da kanka, wannan ba abin jira ba ne, ka faɗa wa wani na kusa da kai yau ɗin nan ku je asibiti tare.

Don haka ka je ka ga likita cikin satin nan, a auna jininka, domin hawan jini ba ya sallama, sannan akwai wasu abubuwa kamar ƙarancin jini da matsalar tayirod (wato sashen nan na gaban wuya da in ya kumbura ake kira maƙoƙo) da su ma suna kawo gajiya da bugun zuciya, gara a tabbatar ba su ba ne. In ka shiga ka faɗa masa komai yadda ka faɗa mana, ranar wanka ba a ɓoye cibi, kada ka tsaya a ciwon kai kawai a ba ka magani ka fito. In ya tura ka wurin likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayya kada ka ji wani iri, mutane sun ɗauka sai wanda ya haukace ke zuwa wurinsu, alhali alƙaluman Hukumar Lafiya sun nuna wajen kashi 15 cikin ɗari na manya masu shekarun aiki suna fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. Kuma don Allah kada ka sayi maganin barci da kanka, na ga mutane da yawa da suka fara da ƙwaya ɗaya suka kasa dainawa.

Sauran biyun da ka ce ba sa ƙorafi, ka taɓa tambayarsu? Su ma wataƙila kallon ka suke suna cewa kai ne ba ka ƙorafi.

Abu_Hanif:

Baba nagode, na rarrashi yaron tun a daren, Allah ya saka. Anti Ummu_Safiyya wlh kamar kina cikin gidanmu, na lissafa yanzu ya kama awa 66 zuwa 70 a mako. Tunanin cutar da kai alhamdulillah bai taba zuwar min ba, amma maganar abinda nake so ya daina burgeni akwai, kwallo da nake bugawa da abokai duk karshen mako na fi wata uku ban je ba kuma bana ma jin sha'awar zuwa. Zan je asibitin. Saura maganar oga, ita ce take bani tsoro.

Shugaban_Sashe:

Salam. Malam Abu_Hanif bari in amsa maka ta ɓangaren da kake tsoro, don ni a kujerar oga nake zaune, mutum goma sha huɗu ne a ƙarƙashina, kuma abin da ogan ka yake yi na yi shi da hannuna. Ina tura saƙo da dare ne saboda a lokacin abin ya faɗo min a rai kuma ina tsoron kada in manta, a zatona wanda na tura wa zai gani da safe, ban san cewa shi yana tashi daga kan gado ya buɗe kwamfuta ba. Sai da mafi ƙwazon ma'aikatana ta faɗi a ofis aka kai ta asibiti, daga baya ta ajiye aiki, sannan na gane cewa duk wanda ba ya cewa a'a shi nake ƙara wa kaya, ba don mugunta ba sai don na san zai yi. Har yau abin yana damuna, don na rasa ta kuma ni na jawo.

Bayan nan aka tura mu wani horo na shugabanni, a can na fara jin sunan Robert Karasek, wani masani da tun 1979 ya nuna cewa yawan aiki shi kaɗai ba shi ne ya fi illa ba, abin da ya fi illa shi ne a haɗa wa mutum aiki mai yawa da rashin iko a kan yadda zai yi shi. Aka kuma ba mu labarin binciken Whitehall da aka yi a kan ma'aikatan gwamnatin Birtaniya a Landan, wanda Farfesa Michael Marmot ya jagoranci zagaye na biyunsa daga 1985 da mutum sama da dubu goma. Kowa zai zaci manyan da ke ɗauke da nauyin yanke hukunci su ne ciwon zuciya zai fi kamawa, sai aka ga akasin haka, yadda matsayin mutum yake ƙasa haka haɗarinsa yake sama, kuma rashin iko a kan aiki na cikin manyan dalilan. Da na karanta inda ka ce yau a ce kama wannan gobe a ce ajiye shi, nan take wannan ya faɗo min, shi ne ainihin ciwon ka, ya ma fi awannin.

To ga yadda nake ganin za ka tunkare shi. Kada ka shiga da maganar "na gaji" ko "ina cikin damuwa", ba don ƙarya ba ce, sai don shugaba da yawa in ya ji haka bai san me zai yi da ita ba, sai ya ce ka yi haƙuri ko ya fara yi maka kallon mai rauni. Ka shiga da takarda. Ka ɗauki sati biyu kana rubuta duk aikin da aka ba ka, wa ya ba ka, yaushe, awa nawa ya ci, sannan ka nemi ya ba ka minti ashirin a lokacin da ba ya cikin sauri, ba a tsaye a bakin ƙofa ba. Ka ce ranka ya daɗe ga ayyuka tara a hannuna, lokacin da nake da shi na biyar ne in ana so su fita ba kuskure, wanne kake so in fara da shi, wanne zai jira, wanne za a ba wani. Ka ga yanzu ba ƙin aiki ka yi ba, zaɓi ka miƙa masa, kuma zaɓin nan dama aikinsa ne ba naka ba. Ka kawo maganar kuskure biyun nan da kanka kafin shi ya kawo ta, ka ce ga abin da ke faruwa in mutum uku suna aikin mutum biyar, kuma a lissafi kuskure ɗaya na iya jawo wa kamfani asarar da ta fi albashin sabon ma'aikaci. Wannan yaren shugabanni suke ji. In kun gama ka tura masa imel gajere, kamar yadda muka tattauna zan fara da kaza, kaza zai jira zuwa ranar kaza, don gobe in aka ce ya aka yi bai fito ba akwai abin nunawa.

Maganar saƙon dare kuma ka tambaye shi kai tsaye cikin ladabi, in saƙo ya shigo bayan tara kana so in amsa a daren ne ko da safe ya isa, in kuma na gaggawa ne sosai a kira ni. Za ka yi mamakin amsar da yawancinmu za mu bayar. Wannan ba sabon abu ba ne a duniya, Faransa tun Janairun 2017 take da dokar da ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu kan haƙƙin kashe waya da imel bayan tashi daga aiki. Ni yanzu in abu ya faɗo min da dare sai in rubuta in saita shi ya tafi takwas na safe, ba abin da ya rage ni da shi.

Bayanin lafiyarka kuwa ba dole ne ka zazzage masa ba. In likita ya ba ka takardar hutu, ka kai ta sashen kula da ma'aikata, abin da suke buƙatar sani shi ne kwana nawa, da irin sauƙin da likita ya ce a yi maka.

Yar_Baba22:

Yallabai Shugaban_Sashe Allah ya kara mana irinku, amma gaskiya ba kowane oga bane zai ji magana irin haka kuma bana so Yaya Abu_Hanif ya shiga da zaton komai zai tafi daidai. Ni duk abinda ka lissafa na yi shi, takarda, imel, ladabi, komai, abinda ya biyo baya shine aka fara cireni daga mitin, aka daina gaisheni, a gaban mutane ake ce min in ban iya ba akwai dubu a waje suna jira, har na kai in na hango gate din ofis sai cikina ya murda in ji kamar zan yi amai. Akwai bambanci tsakanin shugaban da bai san yana cutar da kai ba da wanda ya sani kuma da gangan yake yi don ka gaji ka tafi da kanka. Na biyun cin zarafi ne ba matsin aiki ba, kuma numfashi da motsa jiki basa maganinsa. A wurinmu har wani taron wayar da kai aka shirya mana a kan kula da lafiyar kwakwalwa, awa biyu ana koya mana yadda ake jan numfashi, muka fito aikin yana nan yadda yake ba a rage ko daya ba, ni abin bata min rai ya yi saboda an maida laifin kanmu kamar mu ne bamu iya numfashi ba.

Kuma duniya ta fara daukar abin da gaske, a Faransa a karshen 2019 kotu ta samu tsofaffin shugabannin kamfanin France Télécom da laifin cin zarafin ma'aikata a matsayin tsarin kamfani, bayan ma'aikata da dama sun kashe kansu a shekarun da ake matsa musu su bar aiki. A wannan shekarar ce kuma Kungiyar Kwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 a kan cin zarafi da tsangwama a wurin aiki.

Shawarata Yaya, ka gwada hanyar Yallabai da zuciya daya, amma a lokaci guda ka ajiye duk sakonnin daren nan kar ka goge, ka nemo takardar daukarka aiki da littafin dokokin kamfani ka karanta me suka ce a kan awanni da hutu da aikin bayan lokaci, in kuna da kungiyar ma'aikata ka yi magana da wakilinku, kuma ka jawo sauran biyun ku je tare in zai yiwu don hannu daya baya daukar jinka, mutum daya ana iya ce masa rago amma sashe gaba daya ba a iya cewa haka. Sannan ka sa wa kanka wa'adi a ranka, misali wata uku, in ba abinda ya canza ka san inda ka dosa, ka fara gyara takardunka da neman wani tun yanzu a hankali kana cikin aikin. Ni sai da na samu wani na tafi, wata bakwai ya daukeni, albashin bai kai na da ba amma jinina ya sauka kuma ina barci. Sanin cewa ina neman hanyar fita kadai ya rage min rabin nauyin tun kafin in fita.

Dattijo_60:

Na karanta duka, kuma 'yata Ummu_Safiyya babu komai, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Akwai abin da ban yi la'akari da shi ba sai da kuka faɗa. Mu a lokacinmu in ka rufe ofis ka tafi gida shi ke nan, shugaba ba shi da hanyar samunka sai gobe, wahalar tana da lokacin tashi. Ku kuwa ofis ɗin a aljihunku yake. Sannan da na zauna na tuna abokan aikina, akwai biyu da ba su kai ga ritaya ba, ɗaya a kan teburinsa ya yanke jiki ya faɗi, a lokacin cewa muka yi kwana ne ya ƙare, kuma haka ne, amma ba wanda ya tambayi awa nawa yake yi. Yaro na ka je asibitin. Har yanzu dai ina kan bakana, kada ka ajiye sai ka riƙe wani.

Ummu_Safiyya:

Allah ya ƙara girma Baba. Ƙari kaɗan Abu_Hanif, tunda ka ce ƙwallon ma ta fita daga ranka, wannan ka tabbata ka faɗa wa likita da bakinka. Kuma ka koma filin ko ba ka jin sha'awa, ko rabin awa ne, don a irin wannan yanayin sha'awa ba ta zuwa sai an fara, kuma motsa jiki da zama cikin mutane suna cikin abubuwan da aka tabbatar suna taimakawa. Wayar aiki kuma ta kwana a falo ba a gefen filo ba. Sannan ka zaunar da maman Hanif ka faɗa mata abin da ka faɗa mana, ita ma tana ɗauke da nata kason na wannan matsin ba tare da ta san daga ina yake ba. Waɗannan ba za su rage ayyuka tara su koma biyar ba, wannan sai a ofis, amma za su ba ka ƙarfin da za ka shiga ka yi maganar ba tare da muryarka na rawa ba.

Abu_Hanif:

Jama'a na dawo bayan kwana goma sha biyu, ku yi hakuri da shiru. Na je asibiti, jinina ya hau sosai har likitan ya sa na zauna aka sake aunawa, an dorani a kan magani, ya bani hutun kwana biyar sannan ya hadani da wata masaniyar halayya, na ganta sau daya zan koma sati mai zuwa. Kwana biyun farko na hutun barci kawai na yi. Na yi magana da maman Hanif, ta yi kuka ta ce ita ta zaci wani laifi ta yi min.

Na tambayi sauran biyun kamar yadda Anti ta ce, ashe dayan har ya fara neman aiki a wani wuri bai fadawa kowa ba, dayar kuma ta ce kullum sai ta sha maganin ciwon kai kafin azahar. Mu ukun muka hada jerin ayyukan muka shiga wurin oga jiya. Da farko ransa ya baci ya ce hade masa kai muka yi, amma da ya ga takardar ya yi shiru yana karantawa, ya cire ayyuka biyu ya ce su jira karshen wata, sakon dare kuma ya ce shi bai taba cewa a amsa a daren ba, na dai yi shiru ban ce komai ba. Maganar daukar sabon mutum ya ce ba a hannunsa take ba sai ya kai sama, kuma bai bamu rana ba. Daren jiya karfe goma da rabi sako ya shigo, na gani da safe na amsa, bai ce komai ba.

Yallabai Shugaban_Sashe, maganar daukar mutum din nan, in bar shi ya kai da kansa ko mu rubuta a hukumance ta hannunsa don ya samu abin nunawa a sama? Kuma sati nawa ya kamata in jira kafin in sake tuna masa?